Ɗan Hakin Da Ka Raina

Duk wanda albashinsa bai kai ya sayi sabuwar mota ba, dole ya zama rabin bakanike, ko yana so ko ba ya so. Mu malaman makaranta mun daɗe a wannan sahu. Tamu motar Peugeot 504 ce ta gado, irin ta masana'antar nan ta Kaduna wadda ta fara aiki a 1975, kuma yawan zaman benci a gareji ya koya mana cewa ba sai babbar ɓarna ke kashe inji ba. Sau da yawa ɗan noti ne, ko washa da ba ta kai kwabo faɗi ba, za ta suɓuce daga yatsun da suka sha baƙin mai, ta faɗa inda hannu ba ya shiga.

Mai karatu zai ce, to me noti guda zai yi wa ƙaton inji? Amsar tana ga inda ya faɗa. In ya bi ta maƙogwaron kafireta, ko ta ramin fulogi a motocin yanzu da ba su da kafireta, to silinda ya nufa. A can kuwa, idan inji yana juyi 3,000 a minti, kowane fistin yana hawa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, kuma ɗan filin da yake bari a sama bai isa ya ɓoye noti ba. Nan take sai bawul ya lanƙwashe, kan fistin ya fashe, jikin silinda ya karce. In kuwa ta ramukan da mai ke gangarawa ya bi, galibi yakan kwanta a kaskon mai na ƙasan inji, inda rariyar famfon mai ke tare shi. Wannan da sauƙi, muddin bai maƙale a sarƙar tayimin ba.

Saboda haka doka ta farko ita ce kada a tada mota. A cire kan batir, a ƙirga notuna da kusoshin da aka kwance domin a san abin da ya ɓata, sannan a haska da tocila. Idan ƙarfe ne, mayen ƙarfe a bakin doguwar waya zai ɗauko shi, har ma wasu kan goga sukudireba a jikin maganaɗisun tsohuwar sifika ta wadatar. To amma mayen ƙarfe ba ya kama tagulla ko alminiyam ko roba, alhali 'yan kusoshin da ke auna fetur a kafireta na tagulla ne. Irin waɗannan sai a dangwala giris a kan waya a manno su, ko a zuƙo su da siririn tiyo. A yau akwai 'yar kyamara mai igiya da ake jonawa da wayar hannu a zura ta ramin fulogi. In duk an yi bai fito ba, sai a haƙura a kwance kan injin ko kaskon mai. Gara asarar gaskit da yini guda da asarar inji ɗungurungum.

Duk wannan dabarar kuwa ba ta da amfani sai an san abin ya faɗa, kuma nan ne gizo ke saƙar. Mun taɓa gani a wani gareji, yaron shago ya tsaya yana rawar baki ya ce, "Oga, noti ya faɗa cikin kafireta." Mun zaci mari zai sha. Sai maigidan ya zare makulli daga motar ya sa aljihu, ya ce, "Madalla da ka faɗa. Ɗauko min tocila." Kafin la'asar noti ya fito, mai mota ya kama gabansa. Da muka tambaye shi dalilin wannan sassauci, sai ya ce, "Malam, in na dake shi yau, gobe shiru zai yi, ni kuma in sayi inji."

Wannan magana ta zauna mana daram, domin mun san garejin da bulala ce ke magana, kuma mun san ajin da haka abin yake. Yaron da ya saba shan duka kan kuskure ba daina kuskure yake yi ba, ɓoyewa yake koya. Zai rufe bonet ya koma gefe yana addu'a, sai an murza makulli a ji ƙarar da ba ta da magani. Wanda ya yi asara shi ne mai motar da ya tara kuɗinta shekara da shekaru.

Rigakafi dai sananne ne: a toshe kowace kafa da tsumma mai tsabta kafin a fara kwance-kwance, a zuba notuna a gwangwani, a ƙirga tsummokaran kafin a rufe. Amma tunda hannu ba ya rabuwa da suɓuta, muna kira ga iyayen gidan gareji, da mu kanmu masu riƙe da alli, mu bar wa yaranmu ƙofar da za su iya cewa "ya faɗa" tun kafin a tada mota.