Daga Sakkwato Zuwa Isa, Neman Sunayen Waƙoƙin Fada

Waƙoƙin fada da na tara a kwamfuta sun fito daga hannuwa daban-daban. Wasu daga tsofaffin kaset na gidanmu aka juyo su, wasu a memori na saye su a kasuwa, wasu kuwa abokai suka turo ta WhatsApp. Murya tana nan, kiɗa yana nan, amma in ka duba gurbin suna sai ka ga "Track 01", ko "Unknown Artist", ko jerin lambobin da suka fara da AUD suka ƙare da WA0007. Wanda ya yi waƙar, da wanda aka yi wa, da lokacin da aka yi ta, duk sun zube a hanya. Da yake yawancin waƙoƙin suna ambaton Gobir, sai na ɗaura niyyar kai su ƙasar da aka rera su, in kunna wa mutanenta.

Kafin tafiyar na gwada abin da masana kwamfuta ke cewa a yi. Kowane fayil na MP3 yana da ɗan gurbi a cikinsa da ake kira ID3, inda ake rubuta sunan waƙa, da na mawaƙi, da na faifai, da shekara. An fara shi a 1996, kuma na farkon bai ɗaukar fiye da haruffa 30 a gurbin suna. A 1998 aka fito da sabon tsari mai faɗi. Akwai manhajoji irin su MusicBrainz Picard da ke sauraron sautin waƙa, su gwada shi da abin da ke rumbunsu, su cike gurbin da kansu. Suna aiki sosai ga waƙar da kamfani ya buga ya yi wa rajista. Ga waƙar da aka ɗauka a ƙofar fada da rikoda, aka juye ta daga kaset zuwa kaset har sautin ya dushe, ba su da abin cewa. Ba wanda ya taɓa shigar da ita rumbunsu, balle su gane ta.

Mun tashi daga Sakkwato da hantsi, a cikin hunturu, don direbobin wannan hanya sun daina sammako, sun kuma daina yamma. Muka wuce Acida, muka bar Wurno inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, muka shiga Goronyo da warin albasa da tafarnuwa na fadamar da madatsar ruwan gulbin Rima ke shayarwa. Daga nan hira ta ragu a mota. Duk motar da ta taho daga gabas, direbanmu sai ya rage gudu ya ɗaga mata hannu, wancan ya amsa da alamar hanya lafiya. A gefen titi akwai ƙauyukan da ba ka ganin hayaƙin girki a cikinsu, ga rumbuna a tsaye ba jinka. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ba ta saki carbinta ba sai da muka hango Sabon Birni.

Wurin farko da na nufa shi ne rumfar masu cajin waya da tura waƙa, domin nan ne ainihin ɗakin ajiyar kiɗa na garin. Janareta na ruri a baya, wayoyi sun yi layi a kan katako kowace da lambarta, ga wani saurayi da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka. Ya buɗe mini ajiyarsa ba tare da wani ja-in-ja ba. Waƙoƙin zamani na Kano da Kaduna suna da suna da hoto, tsaf. Wa'azi ma an jera shi malami bayan malami. Sai wata babbar folda da aka rubuta wa "Gargajiya", a cikinta aka zuba Shata da Ɗan Anace da Ɗankwairo da makaɗan noma da na farauta, duk a cakuɗe.

Na ce, "Ƙanena, yaya kake gane wadda mutum ke so a cikin wannan?"

Ya ce, "Malam, mai saye ba shi tambayar suna. Cewa shikai, cika man da na gargajiya. In na cika, ya tafi."

Ban ga laifinsa ba. Shi ma haka ya same su, daga wani mai rumfa a Shinkafi ko Maraɗi, ta Xender ko ta kebul. Ya nuna mini yadda sunan ke ɓacewa: wanda ya fara juyo kaset bai rubuta kome ba, ko ya rubuta a kan sunan fayil kawai bai sa a cikin gurbin ba, sai wani ya tura ta WhatsApp, sunan ya koma kwanan wata da lamba. Ya kuma tuna mini abin da mu mazauna birni muke mantawa. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da Sabon Birni da Isa. A wannan lokaci ba intanet, sai wanda ya matsa bakin iyaka ya kamo layin Nijar. Abin da ke cikin memori shi ne kaɗai abin saurare. Duk wanda ke tunanin gyaran waɗannan waƙoƙi zai zo daga sama ta intanet bai san yadda kiɗa ke yawo a nan ba.

Saurayin ne ya haɗa ni da wani dattijo mai zanen Gobirawa a kumatu, wanda ya yi shekaru yana bin fada. Muka zauna a zaurensa bayan la'asar. Na kunna masa wata waƙa da wani ya rubuta wa "Sarkin Gobir" kawai, na ce ina son in tabbatar da mawaƙin. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Tsaya, ɗana. Wane Sarkin Gobir? Namu na nan, ko na Isa, ko na Gwadabawa, ko na Tsibiri?"

Wannan tambaya ita ce ta sauya mini fasalin aikin gaba ɗaya. Bayan da Alƙalawa ta faɗi a hannun masu jihadi a 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, gidan sarautar Bawa Jan Gwarzo ya watse. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 wani reshe ya kafa Tsibiri, kusa da Maraɗi, a ƙasar Nijar ta yau. Daga baya Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni, ba nisa da kufan Alƙalawa. A gefe guda kuma akwai Isa da Gwadabawa, inda masu riƙe da sarautar Sarkin Gobir zuriyar gidan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne. Suna ɗaya, gidaje daban, tarihi daban, har akwai waɗanda kakanninsu suka gwabza da juna. Makaɗi kuwa da kakanni yake yabo. Wanda ya san gidajen, da ya ji sunayen da ake jerowa ya san ƙofar fadar da aka tsaya. Dattijon ya saurara kaɗan, ya ce ta Isa ce, ya faɗi dalili, na rubuta.

A nan na ga gibin tsarin ID3 ɗin kansa. Waɗanda suka tsara shi sun yi tunanin mawaƙi da faifai da shekarar fitowa, irin na kasuwar kiɗan Turai da Amurka. Waƙar fada ba ta da faifai. Abin da ya fi muhimmanci a cikinta shi ne ubangida, wanda aka yi dominsa, sai kayan kiɗan, sai 'yan amshi, sai dalilin yin ta: naɗi ne, ko hawan salla, ko saukar baƙo. Ba gurbin da aka ware wa ubangida ko dalilin yin waƙa.

Hirarmu ba ta ƙare ba sai da ya kawo zancen Sarkin Gobir Alhaji Isa Muhammad Bawa, wanda 'yan bindiga suka sace a kan hanya, ya rasu a hannunsu a watan Agusta na 2024. Ya yi masa addu'a, muka shafa. Ya ce da yawa daga cikin tsaransa da suka san waƙoƙin nan sun rasu, wasu suna gudun hijira a Gidan Runji da Maraɗi, wasu suna Sakkwato wajen 'ya'yansu.

Tsakanin Sabon Birni da Isa ba nisa, amma ita ce hanyar da aka tare motar fasinja a watan Disamba na 2021 aka cinna mata wuta da mutane a ciki. Ba mu tashi ba sai da motoci suka taru, aka tafi a jere.

Isa garin Narambaɗa ne, ko da yake a Tubali aka haife shi, wadda yanzu take ƙaramar hukumar Shinkafi ta Jihar Zamfara. Ibrahim Narambaɗa ya fara da kokawa da kiɗan noma kafin ya zama makaɗin Sarkin Gobir Amadu na Isa, kuma da kotso yake kiɗa. Waƙoƙinsa Bakandamiya da Dokin Iska Ɗanfilinge kowa ya san su. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya rubuta littafi sukutum a kansa a 2009, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya daɗe yana tattara tarihin makaɗan baka da matanin waƙoƙinsu. Girman sunan Narambaɗa ne ya jawo wata matsalar: duk tsohuwar waƙar kotso da mai rumfa bai san mai ita ba, sai ya rubuta mata Narambaɗa, don sunan yana sayarwa.

Mai masaukina ya tara mini dattawa a ƙofar gidansa da hantsi. Na ɗora ƙaramar lasifika a kan tabarma na shiga kunnawa ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa ganin saurare irin nasu ba. Ba su jiran muryar jagora ma, daga faɗuwar kiɗa da yadda 'yan amshi ke karɓa sun gane. Wata da na daɗe ina ji da sunan Narambaɗa a kanta tana farawa, ɗayansu ya girgiza kai.

"Wagga ba tashi ta ba. Sa'idu Faru na. Saurari wanda shika yabo."

Da muka saurara sai ga Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, ubangidan Sa'idu Faru, wanda ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Wata kuma suka ce ta Musa Ɗankwairo ce. Su ukun duk masu kotso ne, shi ya sa kunnen baƙo ke haɗa su. Wata suka ce taushi ne ba kotso ba, a nemi mai ita wajen su Salihu Jankiɗi. Wani dattijo da ya yi aikin malanta ya ƙara mini ma'auni mai sauƙi: Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960, saboda haka waƙar da ta ambaci naira, wadda aka fara kashewa a 1973, ko Jihar Sakkwato da aka kafa a 1976, ba tasa ba ce, ko wa ya rubuta sunansa a kai.

Abin da ya fi daɗi shi ne sunayen cikin waƙa. Makaɗin fada yana kiran fadawa da hakimai da masu kyauta, yana yi wa abokan hamayyar ubangidansa zambo ba tare da kama suna ba. Ni a kunnena sunaye ne kawai. Su kuwa mutane ne: wannan gidansa na bayan masallaci, wancan jikansa ne ya wuce mu ɗazu a kan babur, wancan zambon kuwa kowa ya san da wa ake. Wani lokaci gardama ta kaure a kan waƙa ɗaya, biyu su ce kaza, ɗaya ya ƙi. A irin wannan na rubuta duka maganganun biyu, na bar gurbin mawaƙi a buɗe. Gurbin da ba kome a ciki yana kiran mai sani ya cike shi. Sunan ƙarya kuwa yana rufe ƙofar tambaya, ya bi memori dubu, har ya shiga kundin ɗalibi a jami'a.

Da dare, in an ta da janareta, sai in zauna in shigar da abin da na rubuta. Fayil da ke ɗauke da gefen kaset guda, waƙa uku ko huɗu a haɗe, nakan yanka shi da Audacity, in ajiye na asalin ban taɓa shi ba. Sauran aikin da Mp3tag nake yi. Gurbin mawaƙi na makaɗi ne da cikakken sunansa. Gurbin faifai na ba ubangida, da sarautarsa da garinsa, domin duk waƙoƙin fada ɗaya su taru wuri guda a waya. Gurbin nau'in kiɗa na rubuta kotso ko taushi ko kalangu. Shekarar da na tarar a wasu, irin 2012 ko 2015, shekarar juyowa ce daga kaset, na goge ta. A gurbin sharhi na sa garin da aka tabbatar mini da bayanin, da abin da aka dogara da shi. Dole kuma a adana da sabon tsarin ID3 mai karɓar haruffan duniya, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ su koma alamar tambaya. Sannan na maimaita makaɗi da ubangida a kan sunan fayil ɗin kansa, saboda ƙananan wayoyi da rediyoyi masu cin memori sau da yawa shi kaɗai suke nunawa.

A hanyar komawa na tsaya Sabon Birni na ba saurayin nan kwafin abin da aka gyara. Ya zuba shi a sabuwar folda, ya ce duk wanda ya zo neman na gargajiya daga ita zai tura masa. Waƙoƙi masu yawa sun dawo Sakkwato yadda suka tafi, ba suna, musamman na makaɗan noma da na ƙananan sarakuna, waɗanda masu saninsu ke ƙauyukan da ba a iya shiga yanzu.

Ina kira ga sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu, musamman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke kusa, da gidajen rediyon da ke riƙe da tsofaffin faifai, da majalisun sarakunan Gobir na Najeriya da Nijar, su tura ɗalibai da ma'aikata wajen dattawan nan, har waɗanda ke zaman hijira, su haɗa kai da masu tura waƙa na kasuwa. Kai kuma mai karatu, in akwai tsoho a gidanku kuma akwai waƙa marar suna a wayarka, kunna masa ita yau, ka rubuta abin da ya faɗa.