Hutun ƙasar waje: Daga Maraɗi zuwa Mafara da yaro a cinya

A finafinan Hausa, in aka ce Alhaji zai kai iyali hutu ƙasar waje, ka san sauran. Za a hasko jirgi ya na tashi, a hasko dogayen benaye, kafin ka ƙifta ido ga Hajiya ta dawo da akwatuna, wai daga Dubai. Daƙiƙa goma an je an dawo. Ba wanda ya yi amai a mota, ba yaron da ya ce fitsari ya ke ji a tsakiyar daji.

To ga wani hutun ƙasar wajen da ba jirgi a ciki. Maigidan malamin lakwal ne a Maraɗi, irin waɗanda ake kira mushe, kuma dogon hutun su ya na kamawa ne daga Yuli har ƙarshen Satumba. Uwargidan 'yar Talatar Mafara ce, aure ya kai ta Nijar. Ɗan su na fari ya na da shekara huɗu, amma kakar sa ta wajen uwa ba ta taɓa ɗora ido a kan sa ba sai a hoton waya. A wurin wannan yaro, Nijeriya ita ce ƙasar waje: wani kuɗi daban, wata tuta daban, wasu masu kaki daban.

Kada ka ce sakaci ne ya jawo. An haife shi a 2020, lokacin Nijeriya ta rufe iyakokin ta na ƙasa tun Agustan 2019, ga kuma korona, don haka ko suna kakar ba ta je ba. An buɗe a Disambar 2020. Ba a jima ba, ran 26 ga Fabrairu, 2021, aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, cikin ƙaramar hukumar Talatar Mafara. A Agustan shekarar aka kai hari kwalejin aikin gona ta Bakura, ran 1 ga Satumba kuma aka kwashi ɗalibai a Kaya ta Maradun, har gwamnati ta sa aka datse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako. Wa zai ɗauko jinjiri ya nufo nan? Da su ka fara shiri a 2023 sai ga juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli, aka sake garƙame iyaka har Maris 2024. Daminar da ta biyo baya ce su ka ce ko ana ha-maza-ha-mata sai sun je, domin tsohuwa ta fara cewa a waya ita fa ba ta san ko za ta ga wata damina ba.

A taswira, hanya mafi kusa ita ce ta Jibiya, a bi ta Zurmi da Ƙauran Namoda. Ba su ko yi shawarar ta ba. Su ka ɗauki ta zagaye: Maraɗi zuwa Birnin Ƙonni, a tsallaka Illela, a shiga Sakkwato, sannan a kamo titin Gusau. Gwauro mai sammako zai iya haɗa wannan a yini guda. Su kwana uku su ka yi. Sun kwana Ƙonni saboda yaro ya galabaita, su ka kwana Sakkwato saboda uwar ta rantse ba za ta hau titin Gusau da yamma ba. Jakar ta kuwa kamar ta malamar asibiti: gidan sauro, katin rigakafi, garin gishiri da sukari na gudawa, da ruwan da ta dafa ta zuba a gora. A Illela maigida ya canza kuɗi, jaka ɗaya ta sefa ta ba shi sama da naira dubu biyu, ya cika aljihu da takardu ya na jin kan sa kamar furodusa.

Da hantsi su ka sauka Mafara. Garin ya na kusan tsakiyar hanyar Sakkwato da Gusau, gari ne na 'yan boko da 'yan kasuwa, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau, ga jami'ar jiha. Amma yaro bai ga ko ɗaya ba, barci ya ke. A zaure aka tashe shi. Tsohuwa ta fito ta tsaya, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Wanga shi na angon nau? Ɗan tsito haka? An cuce ni!" Sai ta juya baya ta na gyara lulluɓi, wai wani abu ne ya faɗa mata a ido. Shi kuwa ango ya ɓuya bayan zanen uwar sa, ya ƙi ko leƙowa. Mushe ya tuɓe takalmi ya durƙusa can nesa ya na "Inna, mun iske ku lahiya?" kan sa a ƙasa.

Mushe ya zo da tsari a rubuce, ka san malamai. Kwana biyu Mafara, kwana ɗaya Bakura, kwana ɗaya Maradun da madatsar Bakolori, saura a huta. Yaro ne ya fara yaga takardar. Kwana huɗu cur bai yarda kakar ta taɓa shi ba. Ta ba shi fura ya ƙi, ta ba shi hoce ya tofar. Abin da ya sasanta su ɗan akuya ne da aka haifa a gidan. Ta ce na shi ne, amma sai in zai riƙa zuwa ɗakin ta ya karɓi dusa da kan sa. Ran na biyar aka gan shi kwance a cinyar ta ya na gyara mata Hausa. Shi a fim ya koyi tasa, "tafi" ya ke cewa, ita kuwa "tahi", uban sa ma "tahi". Ta ce to, an kai mata miji Maraɗi an dawo mata da Bakano.

Da an bi tsarin mushe, da a ranar su na Maradun, kuma da yaron ya koma gida bai san kakar sa ba sai a matsayin wata tsohuwa mai tsoratarwa.

Ran Talata aka kai shi kasuwa. Ita ce ranar da garin ya ci suna da ita, kuma tun asuba motoci da babura da amalanke ke kwararowa daga ƙauyuka. Babba zai ratsa ta cikin awa guda. Da yaro a kafaɗa sai da aka yi uku, domin a kara ya ga bijimi mai ƙaho ya ce ba inda za shi. Tsayuwar nan ce ta sa mushe ya ji abin da mai sauri ba ya ji. Dillalai na hira a gindin bishiya: wace hanya aka bi lafiya yau, wane ƙauye bai samu fitowa ba, wa ya sayar da shanun noman sa don ya fanso ɗan'uwa. Ba da kuka su ke faɗa ba, kamar dai ana maganar farashin gero. Wannan ya fi komai kashe masa jiki.

Bakura su ka je a mako na biyu, wurin kawun uwargida. Tafiyar ba ta kai awa guda ba: a koma ta titin Sakkwato, a karkata a Lambar Bakura. Amma sai da aka yi waya sau biyu da safen, aka tabbatar motoci sun fito sun shiga, sannan aka tashi. Ƙasa ce ta fadama, a Agusta ko'ina kore shar, shinkafa har iyakar gani. Masu shirya fim da su ka fi sanin Tiga da Bagauda in za a ɗauki waƙa, da sun ga wannan wuri da yamma da sun yi shiru. Sarkin garin Sarkin Burmi ake ce masa. Nan ne kuma garin Ahmad Sani Yariman Bakura, gwamnan Zamfara daga 1999 zuwa 2007, wanda ya ƙaddamar da shari'a a Gusau a Oktoban 1999, abin da 'yan fim ba za su manta ba, tunda guguwar ta sauya yadda ake kallo da yadda ake shirya fim a Arewa baki ɗaya.

An ce yini za a yi, aka kwana uku, don yaro ya tashi da zazzaɓi. Damina ce, lokacin sauro. Aka gwada jinin sa, aka ba shi magani, uwar ta zauna a kan sa dare biyu ba ta runtsa ba, ta na cewa da ta sani da ba ta zo ba. Kawu kuwa ya jawo rediyon sa mai cin memori ya kunna wa mushe Ɗanƙwairo a zaure, don ya rage masa tunani. Matasa da yawa sun san muryar a waya, ba su san daga ina ta fito ba. Alhaji Musa Ɗanƙwairo a ƙasar Bakura aka haife shi, mahaifin sa makaɗin Sarkin Ƙayan Maradun ne, shi ya sa ake ce masa Ɗanƙwairo Maradun, ya kuma rasu a 1991. Sa'idu Faru shi ma ɗan ƙasar Maradun ne, kuma ubangidan sa, Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, ya yi hakimci a Talatar Mafara tun kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Wato garuruwan nan uku da ake jin sunan su yanzu a labaran tashin hankali, su ne su ka ba ƙasar Hausa manyan makaɗan fada. A dare na uku, ana cikin kiɗan kotso, sai ga majinyaci ya fito zaure ya na rausaya, ya ce tuwo ya ke so. Uwar ta fashe da kuka, kawu ya fashe da dariya.

Saura Maradun. Nan aka yi ta. Mushe tun ya na ɗalibi ya ke jin labarin Bakolori: madatsa a kan Gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ya gina, aka gama a 1978, ta na riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450. Ya kuma san ɗaya ɓangaren labarin, na manoman da aka tasa daga gonakin su, su ka tare hanyoyi su na neman diyya, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma a Afrilun 1980, zamanin Shagari. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda su ka mutu, masu bincike su ka ce ɗaruruwa ne. Ya na son ya ɗauki ɗan sa hoto a bakin ruwan.

Tsohuwa ba ta yi masa magana kai-tsaye ba, ai suruki ne. 'Yar ta ta kira, da murya yadda zai ji daga tsakar gida: "Ki hwaɗa ma uban yaron ga, in ruwa shi ka son gani, shi tahi shi ɗai. Mijina ba shi zuwa." Uwargida ta ce, "To, Inna." Magana ta ƙare. Ka na iya cewa tsohuwa ta cika tsoro, tunda mutane na bin hanyar kullum, su je su dawo. Amma ita ta san gidajen da aka yi zaman jiran waya a unguwar su, kuma shekara huɗu ta yi ta na jiran yaron nan. Gaskiyar ta.

Shi kaɗai ya tafi, da wani ƙanen matar sa, bayan hantsi ya ɗaga. Ya ga fadar Sarkin Ƙaya daga waje, ya ga garin Bello Matawalle, wanda ya yi gwamna daga 2019 zuwa 2023, ya tsaya bakin ruwan minti ashirin, masunta na jan koma. Kafin la'asar ya dawo da kifi a leda. Yaro kuwa a ranar kakar sa ta kama hannun sa su ka taka a hankali zuwa wata 'yar hanyar ruwa a bayan gari, daga cikin waɗanda ke kai ruwan Bakolori gonaki. Su ka zauna ya na jefa tsakuwa ya na ƙirga kwaɗi. Da uban ya nuna masa hoton madatsar a waya sai ya ture, ya ce ai shi ma ya je, tasa ma har da kwaɗi.

Kwana goma aka tsara, ashirin da uku aka yi. Ran tafiya aka yi rigimar ɗan akuya: ango ya ce da shi za a tafi, uban ya ce ba mai tsallaka Illela da akuya a cinya. Tsohuwa ta raba gardama, ta ce a bar shi wurin ta ta yi kiwo, baɗi mai shi ya zo ya gani da idon sa ko ta ci amana. Ba ta raka su tasha ba. A bakin zaure ta tsaya, igiyar akuyar a hannun ta, har babur ɗin da ya ɗauke su ya sha kwana.