Jin Ingilishi daban, karatunsa daban

Tun da kundin sake gina ƙasa na shekarar 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, iyaye da dama ke tambayata ko su tura ƴaƴansu sashen Ingilishi in sun samu BAC. Hujjar da na fi ji ita ce: "Malam, yaron nan yana jin Ingilishi, fim ma ba ya neman fassara." Ni na karanta Ingilishi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, yanzu ina koyar da shi a wata kwaleji a Maraɗi. Amsata kullum ita ce: kafin ku duba bakin yaro, ku duba ko yana iya zama da littafi.

Ɗalibinmu yakan yi shekara 7 yana Ingilishi, 4 a kwaleji, 3 a lise. Amma yawanci abin da ya saba da shi gajeren rubutu ne da tambayoyi a ƙarƙashinsa. A jami'a kuwa, cikin shekara 3 na lisans, za a haɗa shi da nahawu mai zurfi, da ilimin furuci, da fassara, da adabin Ingila da Amurka da Afirka. Littafin farko da na karanta daga bango zuwa bango shi ne Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958. Ba shi da kauri, amma sai da na yi makonni ina fama da shi, ƙamus a gefe. A ajinmu, waɗanda suka fi kowa zaƙin baki ba su ne suka fi maki ba. Waɗanda suka jure wa karatu su ne suka yi gaba.

Wahala ta biyu ita ce Faransanci, wanda yake taimako kuma yake tarko. Kalmomi da yawa sun yi kama a harsunan biyu, sai ɗalibi ya saki jiki. Library a Ingilishi ɗakin karatu ne, alhali librairie a Faransanci kantin sayar da littattafai ne. Actually na nufin "a gaskiya", ba "a halin yanzu" ba kamar actuellement. Tsarin rubutun ma ya bambanta. A lise an horar da mu mu kawo ra'ayi, mu kawo kishiyarsa, sannan mu sasanta su a ƙarshe. Malamin Ingilishi kuwa so yake ka faɗi matsayinka tun a sakin layi na farko, sauran shafukan ka kare shi da hujja. Wanda yake tunani da Hausa, ya juya zuwa Faransanci, sannan ya juya zuwa Ingilishi, kafin jimlarsa ta iso ta gaji.

Abin da ya sauƙaƙa mini shi ne na riƙa zuwa Ingilishi kai tsaye daga Hausa. Bahaushe ya san bambancin gari da ake zama cikinsa da garin tuwo, kuma tsawon wasali ne ya raba su. Wannan kunnen yana taimaka masa ya raba ship da sheep, abin da ke wahalar da Bafaranshe. Inda Hausa ba ta taimaka ba, kamar raba p da f, sai a san da shi tun wuri a yi ta maimaitawa.

Dalilin da ya sa na damu shi ne, da yawa daga masu gama wannan sashe aji suke komowa. Malamin da bai saba da karatu ba, ɗaruruwan yara zai gadar wa rauninsa, su kuma su tafi da shi jami'a.

Don haka, ƴan'uwana malamai, mu daina tsayawa kan cike gurbi kaɗai. Ko littafi guda ne a aji, a raba shi babi-babi ya zagaya, kowa ya rubuta layi 10 kan abin da ya karanta. Iyaye kuma, ko ba ku jin Ingilishi kuna iya gwada yaro. Ku ba shi shafi biyu ya karanta, ya rufe, ya faɗa muku da Hausa abin da ke ciki. In ya iya, kuma ya nemi shafi na uku da kansa, ku sa masa albarka ya tafi. In bai iya ba, hutun bayan jarabawa ya isa a fara gyara. Kuɗin littafi guda bai kai asarar shekara guda a Yamai ba.