Mutumin Lakwaja

A wani gida da ke Gubuchi, cikin ƙaramar hukumar Maƙarfi, akwai kakan da ba a kiran sunansa. Idan dattawan gidan suka zauna bayan sallar idi suna yi wa magabata addu'a, sukan jero sunaye ɗaya bayan ɗaya, in an zo kansa sai a ce "da mutumin Lakwaja", a wuce. Yaran gidan sun taso suna ɗauka alkunya ce irin wadda ake yi wa suruki ko ɗan fari. Abin da kowa ya sani bai wuce jimla guda ba: a zamanin Turawa an tafi da shi Lakwaja, bai dawo ba.

Wata tattaɓa-kunnensa, mai aikin harhaɗa magunguna a Kaduna, ta kusa shekara hamsin ba ta taɓa tambayar dalili ba, sai da ɗanta ya nemi auren wata yarinya a birnin Zariya. Dangin yarinyar suka yi binciken asali kamar yadda aka saba, suka tura mutum har Gubuchi. Wani tsoho ya shaida wa ɗan aiken cewa mutanen kirki ne, sai dai gidan ɗan sarƙa ne. Dangin ba su ce sun fasa ba, amma sun ɗaga ranar kai kuɗin gaisuwa ba tare da sa wata ba, wanda ya san Hausa kuwa ya san abin da hakan ke nufi.

Ta nufi gida a tsakiyar hunturu, lokacin da motoci ke jigilar rake zuwa kasuwar Maƙarfi. Wadda ta rage a tsatson ita ce goggonta, yayar mahaifinta, wadda ta haura shekara tamanin. Bayan gaisuwa ta ce, "Goggo, me kakanku ya yi aka tafi da shi?" Tsohuwar ta daɗe tana gyara mayafi kafin ta ce, "'Yar nan, kowa da abin da ya ji." Ta ba ta labari biyu. Na farko, bawan Allah ne mai biyayya, ya bi Sarkin Zazzau da aka cire ya ƙi rabuwa da shi. Na biyu, ya ɗaga wa mai karɓar haraji hannu a gaban jama'a. Ta ce akwai na uku, amma maganar mahassada ce, ba ta da amfani.

Mai neman kakan da ba shi da takardar haihuwa dole ya fara da gano shekara, kuma tsofaffi ba da lamba suke riƙe shekara ba, da abin da ya faru suke riƙe ta. Goggo ta ce mahaifinta yana goye aka tafi da uban, kuma an haife shi ne a daminar da ta biyo bayan annobar da ta kwashe mutane gida-gida. Annobar murar da ta game duniya ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1918. Ke nan an haifi yaron a 1919, an tafi da uban wajen 1920. A shekarar 1920 ɗin ce kuma Turawa suka tuɓe Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, Bamalle, malami kuma marubucin waƙoƙi, wanda ya hau gadon a 1903, suka kai shi Lakwaja, inda ya rasu a 1924. Da ta ga shekarun sun dace sai zuciyarta ta yi sanyi, ta fara shirya yadda za ta shaida wa surukai cewa kakan nata amintaccen sarki ne.

Lakwaja gari ne a mahaɗar kogin Kwara da na Binuwai. A can ne ranar 1 ga Janairun 1900 aka sauke tutar kamfanin Royal Niger aka ɗaga ta Ingila, Lugga ya fara mulkin Arewa. Ko bayan da hedikwata ta koma Zungeru, daga baya Kaduna, garin ya ci gaba da yi wa Turawa wani aiki: wurin ajiye wanda ba a so jama'arsa su riƙa ganinsa. Sarkin Zazzau Kwasau a can ya rasu a 1907. Sarkin Kano Alu, wanda aka kama a 1903, an fara kai shi Yola, sannan Lakwaja, ya rasu a 1926. Dabarar ba a Arewa kaɗai aka yi ta ba. Ingila ta kai Sarkin Asante Firempe tsibirin Seshel, Faransa kuma ta kai Shehu Ahmadu Bamba na Senegal ƙasar Gabon a 1895.

Sai dai Lakwaja tana da wata fuskar da ba a cika ambata ba. Ban da gidajen yari na En'e da ke hannun sarakuna, gwamnatin Turawa tana da nata manyan kurkuku a Zungeru da Lakwaja, inda ake tura waɗanda aka yanke wa ɗauri mai tsawo, suna aikin ƙarfi. Tun da titin jirgin ƙasa daga Baro ya isa Kano a 1911, hanya ta sauƙaƙa: daga Zariya zuwa Baro a bakin Kwara, daga nan jirgin ruwa ya gangara. Saboda haka cewa an kai mutum Lakwaja a 1920 na iya nufin ya tafi cikin ayarin sarki, na iya kuma nufin ya tafi da mari a ƙafa. Goggo ta tabbatar da abu ɗaya: ba gidan yarin birni aka kai shi ba, "Nasara ne suka ɗauke shi."

Akwai ƙasar da irin wannan bincike ya zama ruwan dare. Tsakanin 1788 da 1868 Ingila ta kwashi fursunoni kimanin 162,000 zuwa Ostareliya. An daɗe a can ana ɓoye irin wannan asali kamar yadda ake ɓoye shi a Gubuchi, amma yau jikokinsu nemansa suke yi, har suna alfahari. Abin da ya sauƙaƙa musu shi ne rubutu. Rajistar fursunonin tsibirin Tasmaniya ta ƙunshi sunan mutum, garinsu, laifinsa, jirgin da ya kawo shi, tsawonsa, launin idonsa, har da tabon jikinsa. Hukuma ta rubuta duk wannan ne don ta kamo shi in ya gudu, ga shi yanzu ya zama gado ga zuriyarsa.

Da wannan fata matar ta ɗauki hutun mako biyu ta shiga Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin Lardin Zariya da na sakatariyar Arewa suke, ta kuma leƙa Gidan Arewa. Ma'aikata suka yi ta ɗauko mata ƙunshin takardu masu launin ƙasa. Ta koyi cewa Baturen mulki ya fi damuwa da jimilla a kan mutum: fursuna nawa aka karɓa a shekara, nawa suka mutu, nawa aka kashe wajen ciyar da su. Inda suna ya fito, an rubuta shi yadda kunnen Bature ya ji, Momadu ko Audu, sau da yawa ba sunan uba, ba sunan ƙauye. Sunan da ta matsa wa wani kawunta ya raɗa mata yana cikin sunayen da kowane gida ke da su. Ta ci karo da shi fiye da sau ɗaya, ba ta da hujjar cewa ɗaya daga ciki nata ne. Sarakunan kuwa, ga shekarar tuɓe kowanne, ga dalilin da aka bayar.

Cikin dalilan ne ta gamu da abin da ya dame ta. Daga zarge-zargen da Turawa suka yi wa Aliyu Ɗan Sidi har da na cinikin bayi. Dokar da Lugga ya kafa a 1901 ta haramta saye da sayar da mutum, ta kuma ce duk wanda aka haifa daga Afrilun shekarar ɗa ne, amma ba ta 'yanta waɗanda ke hannun iyayengijinsu kai tsaye ba. Bauta ba ta haramta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936. A tsakanin shekarun nan cinikin ya koma ɓoye, ya fi shafar yara ƙanana, kuma yana cikin laifuffukan da ke kai mutum babban kurkuku. Masu hukuncin ma hannunsu ba tsarkakakke ba ne, domin da aikin tilas suka shimfiɗa titin jirgin da ke kai fursunonin. Amma wannan ba ya mayar da yaron da aka sayar gidan uwarsa. Ta rufe fayil ɗin tana tuna labari na uku da Goggo ta ƙi faɗa.

Duk da haka ta tafi Lakwaja. A unguwar Kabawa, ƙarƙashin Dutsen Patti, aka nuna mata kaburburan sarakunan da aka kora, kowanne an san mai shi. Ta tambayi wani dattijo da ke zaune a kusa ko an san inda ake binne fursunoni da barorin sarki. Ya ce, "Hajiya, Hausawan garin nan kowa da hanyar da ta kawo kakansa. Wani fatauci, wani soja, wani sarki ya biyo, wani kuma an sake shi ya ji kunyar komawa gida. Waɗanda suka mutu a ɗaure, ƙasa ta san su." Ta ce, "Baba, ba wanda ya riƙe ko sunan garuruwansu?" Ya girgiza kai, ya ce in da za ta kwana biyu da an tara mata tsofaffi, amma kada ta sa rai. Ta kwana biyun. Ta sami gidaje biyu da suka ce asalinsu ƙasar Zazzau ne, babu wanda ya taɓa jin Gubuchi a bakin kakansa.

Ta koma wurin Goggo hannu biyu, ta zayyana mata duk inda ta je, har da maganar dokar 1901. Tsohuwar ta sa aka kori yara daga ɗakin. Ta ce kakarta, matar mutumin Lakwaja, ta gaya mata wata magana a daren da za a kai ta ɗakin miji, ta kuma riƙe ta fiye da shekara sittin. A shekarar babbar yunwa, wadda ta dace da ta 1913 zuwa 1914, an kawo wata yarinya gidan a bakin hatsi. Ba ta jin Hausa sosai. Ita ke niƙa, ita ke ɗebo ruwa. Ta girma a gidan har ta fara zama budurwa. Wata safiya aka tashi babu ita, maigida ya ce ta gudu, amma a makon ya sayi jaki. Ba a yi wata biyu ba dogarai suka zo da ɗan sandan Nasara. "Kakata ta ce ita ba ta gani da idonta ba," in ji Goggo, "amma har ta mutu ba ta taɓa hawa jakin nan ba, ba ta bari an ɗora masa kayanta ba."

Wannan ba hujjar da alƙali zai karɓa ba ce. Magana ce ta mace guda, ta bi ta bakin mace guda, shekara ɗari bayan abin. Amma ta bayyana abin da sauran labaran biyu suka kasa bayyanawa. Gidan da kakansa ya bi sarki gudun hijira ba ya ɓoye sunansa, kirari yake yi masa. Wanda ya mari mai karɓar haraji ma, bayan tafiyar Turawa, gwarzo zai zama. Da alama daidaituwar shekara da ta wuri ce ta ba gidan damar raɓewa a inuwar sarki, kuma kowane ƙarni ya ƙara wa labarin ƙarfi har masu ba da shi suka gaskata.

Matar ta fita neman mutum ɗaya da ya ɓata, ta dawo da biyu. Na farkon yana da zuriya, da gonar da har yanzu ake nomawa, da gurbi a addu'ar idi ko da babu suna. Ta biyun ba a san sunan da uwarta ta raɗa mata ba, ba a san yarenta ba, ba a san inda aka kai ta ba. Wataƙila a wani ƙauye akwai gidan da su ma suke da wadda aka tafi da ita a shekarar yunwa, kuma babu gidan adana takardun da za su je su tambaya.

Saura maganar surukai. Mijinta ya ba da shawarar a tsaya a kan labarin sarki, tun da shekaru sun dace kuma ba mai iya ƙaryatawa. Ta kwana tana juyayi, da safe ta ce ita ba za ta ɗora auren ɗanta a kan abin da ta daina gaskatawa ba. Aka tura wan mijin Zariya, ya faɗi labaran uku yadda suke, ya faɗi wanda gidan ya fi zato. Waliyyin yarinyar ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Alhaji, mun gode da ba ku rufe mu ba. Wani ba ya ɗaukar nauyin laifin wani. Ku ba mu lokaci mu yi shawara." Shawarar ta ɗauki mako shida, kuma wata gwaggon yarinyar ba ta sauko ba har yau. An ɗaura auren bayan sallar layya.

A idin da ya biyo baya, da aka zo lissafin magabata, Goggo ta ɗaga murya daga bayan labule ta faɗi sunan kakanta cikakke, ta ce a roƙa masa gafara domin yana bukata. Sannan ta ce a ƙara da yarinyar da ta yi niƙa a gidan nan. Liman ya tambayi sunanta. Goggo ta ce a ce baiwar Allah kawai, Mai ita ya san ta. Ta sa aka auna gero mudu goma daga rumbun gidan aka kai wa almajirai, biyar dominsa, biyar dominta.