Ɗan Rabah da Ƙwallon Bango

A shekarar 1926 wani yaro ɗan Rabah ya shiga Kwalejin Katsina. Sunansa Ahmadu, tattaɓa-kunnen Sarkin Musulmi Bello wanda ke kwance a Wurno.

Makarantar ƙarama ce, amma ta yi suna da wani wasa da ake ce wa fayif. Mutum huɗu ke yinsa, biyu-biyu, suna bugun ƙwallo da tafin hannu, ta daki bango ta komo. Ƙarfi kaɗai ba ya ci a wannan wasa, sai wanda ya san inda ƙwallo za ta faɗi, ya kuma amince da abokinsa. Ahmadu ya gwanance har aka ba shi kyaftin.

Ya fita a 1931, ya zama Hakimin Rabah a 1934, Sardauna a 1938, Firimiyan Arewa a 1954. Duk wannan girma bai raba shi da wasan ba, har aka sa wa gasar fayif suna Kofin Sardauna.

To, iyayen Rabah da Wurno da Goronyo, kada a raina wasan yara. A gindin bango yaro ke fara sanin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.