Ƙamshin Lemo a Gidan Humra

Ƙofar Marke ɗaya ce daga cikin tsofaffin ƙofofin birnin Sakkwato, birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809. A gidajen unguwar, kamar sauran gidajen tsohon gari, da daɗewa ake auna darajar turare. Humra, almiski, sandal da turaren wuta suna kama tufa har ta koma adaka ta sake fitowa da ƙamshinta. Ko Binta Sudan, wanda kamfanin Bush na Ingila ya fito da shi a 1920, ya sami karɓuwa a ƙasar Hausa ne domin turaren mai ne, mai kama jiki.

A irin wannan gida wata malamar firamare ta tashi. Da haɗa humra mahaifiyarta ta ciyar da su, da ita ta biya kuɗin karatunsu. Sai dai aikin koyarwa ya sauya wa ɗiyar hanci. A bazara, lokacin da zafin Sakkwato kan haura digiri 40, turare mai nauyi a cikin aji mai cunkoso yakan zame wa mai shi da yaran kaya. Don haka ta karkata ga ƙamshin lemun tsami da lemun zaƙi. Ranar da ta kawo kwalbar farko, uwar ta shinshina, ta ce, "Wanga ai ruwa na, ɗiyata." Malamar ta gane cewa tsohuwar tana jin kamar sana'arta aka raina.

Hukuncin uwar yana da tushe. Daga ɓawo ake tatsar man lemo, kuma sinadaransa marasa nauyi ne, su ne ke fara tashi daga fata, zafi kuwa yana ƙara musu sauri. Haka turaren Kolon yake tun da Farina, ɗan asalin Italiya, ya fara sayar da shi a birnin Kolon na Jamus bayan ya kafa kamfaninsa a 1709. Wartsakarwa ce aikinsa. Man ƙamshin da ke cikin irinsa bai cika wuce kashi 5 cikin 100 ba, alhali mai ƙarfi yakan kai kashi 15 zuwa 20.

Daga nan malamar ta koyi saye da haƙuri. Ba ta yanke hukunci da shinshinar murfi. Takan ɗiga a wuyan hannu, ta yi cefanenta, ta sake shinshinawa bayan rabin awa, domin abin da ya rage a lokacin shi ne za ta yini da shi. Idan ƙarƙashin lemon akwai sandal ko almiski, kuɗinta bai tafi a banza ba. Ba ta gwada fiye da kala uku a zuwa ɗaya, saboda hanci yana gajiya. Kwalbar da ta yini a rana bisa teburin mai talla kuwa takan wuce ta, domin haske da zafi suna lalata man lemo, ya koma wari mai kaifi.

Ta kuma rarrabe lemo da sauran 'ya'yan itatuwa. Tuffa, mangwaro da kankana ba a tatsar musu man turare. A masana'anta ake kwaikwayon ƙamshinsu. Yawancinsu zaƙi ne ya rinjaya, zaƙin kuma kan gundura idan ya haɗu da gumi. Waɗannan takan ajiye su sai hunturu ko dare. Bagamot, lemon da ake nomawa a Kalabiriya ta kudancin Italiya, shi ma yana da sharaɗi: manshi da ba a tace ba yana iya bar wa fata tabo idan rana ta doke ta. Saboda haka a mayafi take sa irinsa.

Sulhun ya zo ne ta hannun uwar. Ita ta ba da shawarar a turara tufar aiki da ɗan sandal tun da dare, da safe a ɗora lemon a kai. Hayaƙin yana riƙe zare, lemon yana buɗe safiya, idan ya tashi kuma akwai abin da ya bari. Masu haɗa turare a Faransa ma haka suke jera shi hawa uku, mai sauƙi a sama, mai nauyi a ƙasa. Tsohuwar ba ta taɓa karanta wannan ba, shekarun da ta yi a gaban kasko ne suka koya mata. Yanzu takan tanadi humra mai sauƙi domin malamai da ma'aikatan asibiti, masu yini cikin jama'a, ita kuma mai nauyin tana nan domin amare.