Zaɓen Safar Hannu Don Tuƙin Babur da Damina

Ya kai mai karatu, idan ka tsaya a bakin titi ranar da ake ruwan sama, ka dubi masu babur da kyau. Za ka ga wani da hular kwano, wani da rigar ruwa, wani ma ya ɗaure takalmansa cikin leda. Amma kaɗan ne za ka gani da safar hannu. Ni malami ne, kuma a kan babur nake zuwa makaranta rani da damina. A ganina, bayan hular kwano, babu abin da ya kai safar hannu muhimmanci ga mai tuƙi.

Dalili shi ne, yawancin aikin tuƙi a hannu yake. Hannun dama ne ke murɗa totur, shi ne kuma ke kama birkin gaba. Hannun hagu ne ke kama kuloci. Idan ruwa ya jiƙa hannu, iska kuma tana bugunsa, sai ya yi sanyi da sauri, domin ruwa ya fi iska saurin janye ɗumin jiki. Yatsu kan sandare, su kasa motsi da wuri. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Ka ga ke nan, jinkirin daƙiƙa ɗaya wajen kama birki na iya zama sanadin buge yaron da ke tsallaka titi.

To, wace irin safa ya kamata ka saya? Ka fara da sanin cewa safar ruwa iri biyu ce. Akwai wadda ke jure yayyafi kawai. Akwai kuma wadda ke hana ruwa shiga ko da ana yin sa kamar da bakin ƙwarya. Ta biyun tana da hawa uku: fata ko yadi mai ƙarfi a waje, shafi mai laushi a ciki, sannan wani siririn mayafi a tsakiya. Mayafin nan yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ɗigon ruwa ba ya iya ratsa su, amma tururin gumi yana fita. Sanannen irinsa shi ne Gore-Tex, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a shekarar 1969. Wannan ne ya bambanta ta da safar roba ta wanke-wanke. Roba tana tare ruwan sama, amma tana tsare gumi, sai hannu ya jiƙe daga ciki, ya riƙa santsi.

Bayan haka, kada ka biya kuɗi sai ka gwada. Ka sa safar, ka dunƙule hannu kamar ka riƙe kan babur. Idan ta matse ka, za ta hana jini gudana sosai, sanyi ya ƙaru. Idan ta yi maka yawa, bakin yatsunta na iya maƙalewa a birki. Ka gwada ɗaukar makulli ko ɓalle maɓallin riga. In ka kasa, to ta yi kauri. An ɗinka wasu safofin ne don ƙasashe masu ƙanƙara, kuma irinsu sukan zo cikin kayan gwanjo. A zafin Legas ko Fatakwal, wahala kawai za su ba ka. Mai tuƙi a Jos, inda ake sanyi, shi ne zai iya neman mai ɗan kauri.

Ka dubi tafin safar. Mutum in zai faɗi, hannu yake fara kai wa ƙasa, don haka tafin yana bukatar fata riɓi biyu da ɗinki mai ƙarfi. Ka dubi wuyanta ma. Ya zama dogo, mai maɗauri, domin kada ta fita idan an faɗi. Lokacin ruwa, ka cusa wuyan a ƙarƙashin hannun rigar ruwa, don kada ruwan da ke gangarowa daga kafaɗa ya zuba cikinta. Wasu safofin suna da ɗan tsinken roba a ɗan ali na hagu, wato yatsan da ake nuni da shi. Amfaninsa share gilashin hular kwano.

Na san za ka ce safa mai kyau tana da tsada. Gaskiya ne, amma Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kuɗin safa bai kai kuɗin ɗaurin karaya ba, balle asarar kwanakin aiki. Kuma idan ka kula da ita, za ta yi maka damina da yawa. In ta jiƙe, kada ka gasa ta a wuta, kada ka shanya ta a rana mai zafi, domin fata za ta bushe ta tsage. Ka cusa mata tsohuwar jarida, ka rataye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa.

Wataƙila ba ka kai shekarun tuƙi ba tukuna. Duk da haka, akwai mai babur a gidanku ko a unguwarku. Ka isar masa da wannan bayani kafin hadari ya haɗu.